Tsoro da Dariya Cikin Sa'o'i 48: Abin da Ilmin Halittu Zai Koya wa Mai Shirya Gajeren Fim

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kabi ya san irin zaman da akan yi a tsakar gida bayan sallar isha'i, kaka tana ba da tatsuniyar Dodo, yara sun matso jikinta har suna danne juna. Gaban kowane yaro yana faɗuwa, amma babu wanda zai yarda ya tashi ya je ya kwanta. Can sai Gizo ya shigo cikin labarin da tsamin bakinsa, ya yi wa Dodo wayo, gida ya kaure da dariya. Yaron da ɗazu yake makyarkyata, shi ne zai fi kowa ƙyaƙyatawa. Haka abin yake a wasan tashe na watan azumi, inda yara kan yi shigar ban tsoro domin su ba manya dariya.

A nan akwai tambayar da ta shafi ilmin halittu kai tsaye. Me ya sa ɗan Adam yake neman abin da zai firgita shi da ƙafarsa? Me kuma ya sa dariyar da ta biyo bayan tsoro ta fi kowace dariya ƙarfi? A yau wannan tambaya ta wuce zancen tatsuniya, domin matasa suna ɗaukar gajerun fina-finai da wayar hannu, har ana shirya gasa a kansu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa ɗalibai da malamansu yadda tsoro da dariya suke aiki a jikin mutum, da kuma yadda sanin haka zai iya tsaya wa ƙungiyar ɗalibai ta Birnin Kebbi ko Argungu a madadin kuɗin da ba ta da su.

Gasar Fim Mai Ƙayyadadden Lokaci

Fitacciya daga cikin irin wannan gasa ita ce 48 Hour Film Project, wadda Mark Ruppert da Liz Langston suka fara a birnin Washinton na Amurka a 2001, daga baya ta bazu zuwa birane masu yawa a nahiyoyi daban-daban. Tsarinta mai sauƙi ne. Ranar Juma'a da yamma kowace ƙungiya za ta ja ƙuri'a, ta ga nau'in fim ɗin da ya faɗo mata. Daga nan sai a ba dukkan ƙungiyoyi abubuwa uku da tilas su fito a cikin fim: wani mutum mai suna da sana'a, da wani kaya, da kuma jimla guda da za a furta. Ranar Lahadi da yamma sai an miƙa kammalallen fim mai tsawon minti 4 zuwa 7. Wanda ya makara akan nuna nasa, amma ba ya cikin masu neman kyauta.

Rashin kuɗi bai taɓa hana wannan sana'a ba. Fim ɗin bidiyo na Hausa da ake lissafawa a matsayin na farko, wato Turmin Danya, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi a Kano a 1990 da ɗan abin da ta mallaka. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya cika gidajen Arewa da dariya da fina-finan camama waɗanda ba su cin kuɗi sosai. A 2019 wasu samarin Kaduna masu kiran kansu Critics Company sun yi suna a duniya da gajerun fina-finan da suka ɗauka da waya da koren ƙyalle. A Japan kuwa, fim ɗin One Cut of the Dead na 2017, wanda ya haɗa ban tsoro da ban dariya, an ɗauke shi cikin kwana 8 da kimanin yen miliyan 3, ya kuma dawo da abin da aka kashe ninki fiye da dubu.

Dalilin da ya sa wannan nau'i ya dace da marar kuɗi shi ne, mafi yawan aikin jikin ɗan kallo ne yake yin sa. Bari mu duba yadda hakan ke faruwa.

Yadda Tsoro Yake Aiki a Jiki

Hausawa sun daɗe da siffanta alamomin tsoro dalla-dalla. Mukan ce gabansa ya faɗi, tsigar jikinsa ta tashi, cikinsa ya ɗuri ruwa, yawun bakinsa ya ƙafe. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da bayani. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙulli da ke fitar da sinadarin adirenalin zuwa cikin jini idan an ga haɗari. Wannan sinadari, tare da wasu jijiyoyi da ba sa jiran umarninmu, shi ke sa zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, ƙwayar ido ta buɗe, jini ya rage zuwa hanji ya nufi tsokar hannu da ta ƙafa. Tashin tsigar jiki kuwa, wasu ƙananan tsokoki ne a gindin gashi suke tsukewa, kamar yadda gashin kyanwa ke miƙewa idan ta ga kare. Walter Cannon na Jami'ar Habad ya bayyana wannan shiri a 1915, ya nuna cewa jiki yana kintsawa ne domin ɗayan biyu: faɗa ko gudu.

Mai kaɗa wannan ƙararrawa wani ɗan curi ne a cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, wanda girmansa bai fi na ƙwayar gyaɗa da yawa ba, guda a dama guda a hagu. Binciken da Joseph LeDoux na Jami'ar Niyok ya yi a kan ɓeraye ya nuna cewa saƙon haɗari yana isa gare shi ta hanya biyu. Akwai gajeriyar hanya mai sauri, wadda ba ta tantance komai sosai. Akwai kuma doguwa, wadda ke bi ta ɓawon ƙwaƙwalwa inda ake tunani, a duba abin da kyau kafin a yanke hukunci. Saboda haka jiki yakan riga hankali motsawa. Karin maganar nan da ke cewa wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, bayanin gajeriyar hanya ce tsaf.

Charles Darwin ya gwada wannan a kansa, kamar yadda ya ba da labari a littafinsa na 1872 kan yadda mutum da dabba suke bayyana abin da ke ransu. Ya je gidan namun daji na Landan, ya manna fuskarsa a gilashin akwatin da aka ajiye kasa, ya ƙudurta cewa ko ta kawo sara ba zai motsa ba, tun da ya san gilashin mai kauri ne. Tana kawo saran sai ga shi ya yi tsalle da baya. Sanin da yake da shi bai hana jikinsa gudu ba. Wannan shi ne jarin mai shirya fim: ɗan kallo ya san hoto yake gani, amma amigdalarsa ba ta jiran a gaya mata.

An kuma ga abin da ke faruwa idan babu wannan curi. A 2011 masu bincike na Jami'ar Ayowa sun ba da rahoto kan wata mata da wata cuta ta lalata mata amigdala duka biyu. Sun ba ta macizai ta riƙe, sun nuna mata fina-finan ban tsoro, sun kai ta wani gidan wasa da aka cika da mutane masu shigar dodanni, duk ba ta razana ba. Har ma ta sa yatsa ta taɓa kan wani dodo don ta ji yadda yake, shi dodon ne ya firgita. Sai dai a 2013 an gano cewa shaƙar iska mai yawan kabon dayoksaid tana jefa ta cikin matsanancin firgici, abin da ya nuna cewa tsoro yana da wasu ƙofofin ban da amigdala.

Daga Ina Dariya Take Fitowa?

Dariya tsohuwar aba ce a cikin halittu. Birai manya suna yin wani huci mai kama da ita idan suna wasa. A ƙarshen shekarun 1990 Jaak Panksepp da abokin aikinsa Jeffrey Burgdorf sun gano cewa idan aka yi wa ɓera cakulkuli yakan yi wani siririn sauti na kimanin kilohaz 50, wanda kunnen mutum ba ya ji, domin jinmu yana tsayawa ne a wajen kilohaz 20. Abin lura shi ne, a wurin dabbobi wannan sauti yana fitowa ne lokacin wasan kokawa da guje-guje, wato lokacin da ake kwaikwayon faɗa ba tare da nufin cuta ba.

A 1998 masanin jijiyoyi V. S. Ramachandran ya kawo shawarar cewa asalin dariya sanarwa ce da mutum ke yi wa 'yan uwansa, cewa haɗarin da aka zata ba haɗari ba ne, kowa ya kwantar da hankalinsa. Wannan hasashe ne, masana ba su gama yarda da shi ba, amma ya yi daidai da abin da muke gani kullum. Idan wani ya zame a taɓon fadama ya tashi yana kakkaɓe riga, sai a yi dariya. Idan ya kasa tashi, babu mai dariya, sai a ruga a ɗaga shi. Faɗuwar iri ɗaya ce, sakamakon ne ya bambanta.

Me ya sa dariyar bayan tsoro ta fi ƙarfi? Hankali yakan gane cewa babu haɗari cikin ƙiftawar ido, amma adirenalin da ya riga ya shiga jini ba ya ɓacewa nan take, zuciya takan ci gaba da bugawa na wani lokaci. Dolf Zillmann ya bayyana a 1971 cewa wannan ragowar zumuɗin jiki yakan zuba a kan duk abin da mutum ya ji daga baya, ya ƙara masa ƙarfi. To, idan abin da ya biyo baya na ban dariya ne, sai dariyar ta hau kan bugun zuciyar da tsoro ya bari. Darasin da ke nan ga marubuci a fili yake: barkwancin ya zo dab da bayan firgicin, kafin jiki ya huce.

Bugu da ƙari, Robert Provine na Jami'ar Merilan ya gano cewa mutum ya fi yin dariya a cikin jama'a kimanin sau 30 fiye da in yana shi kaɗai. Don haka kada ƙungiya ta auna barkwancinta da fuskar mutum guda da ke kallo a waya. A tara mutum goma a nuna musu.

Tsoron ma yana da ma'auni. A 2020 masu bincike na Jami'ar Arhus ta ƙasar Denmak sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya, suka bi su cikin wani gidan dodanni na wasa. Sun tarar cewa jin daɗi yana ƙaruwa tare da tsoro har zuwa wani matsayi, in tsoron ya zarce nan sai daɗin ya ragu. Kamar yaji ne a tuwo: kaɗan ba a ji, in ya yi yawa a ture kwano.

Ido da Duhu

A can ƙarshen ido akwai wani tantani mai suna ratina, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin gani iri biyu. Masu siffar mazurari, kimanin miliyan 6, su ke ganin launi da ƙananan siffofi, amma sai da haske. Masu siffar sanda, kimanin miliyan 120, su ke aiki da dare. Suna saurin kama motsi, amma ba sa bambance launi, hotonsu kuma dishi-dishi ne. Idan bayani ya yi ƙaranci haka, ƙwaƙwalwa takan cike gurbin da zato, kuma zatonta ya fi karkata ga mummuna, domin wanda ya ɗauki kututture a matsayin kura ɗan gudu kawai ya yi asara, wanda kuwa ya ɗauki kura a matsayin kututture ya yi asarar rai. Shi ya sa rigar da aka rataye a ƙusa takan zama mutum da tsakar dare.

Saboda haka dodon da ba a gani sosai ya fi wanda aka gani ban tsoro, ya kuma fi araha. Lokacin da Steven Spielberg yake ɗaukar fim ɗin Jaws na 1975, kifin ƙarfen da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a cikin teku, dole ya rage nuna shi, ya dogara da kiɗa da motsin ruwa. Wannan matsala ita ta ƙara wa fim ɗin kwarjini. Ɗaliban da ke zaune a bakin Gulbin Rima ba su rasa ruwa mai duhu ba, ba su kuma rasa hazon hunturu da ke ɓoye abin da ya wuce 'yan taku.

Ga dabaru uku da suka fito daga wannan bayani. Na farko, kyamarar waya ba ta da ƙarfi a duhu sosai, don haka a ɗauki yawancin fitowar dare tsakanin la'asar sakaliya da faɗuwar rana, sa'an nan a rage haske a wajen tacewa. Na biyu, ƙwaƙwalwa ta saba ganin fuska da haske daga sama, na rana ko na wata. In aka haska tocila daga ƙarƙashin haɓa, inuwar hanci da ta ido sukan juye, sai fuskar abokinka ta zama baƙuwa. Na uku, dabbobi da yawa, irin su kyanwa da kura da akuya da kada, suna da wani shimfiɗi mai ƙyalli a bayan ratina wanda ke mayar da haske inda ya fito. Shi ke sa idanunsu walƙiya da dare. In ana son kyamara ta kama wannan walƙiya, sai a riƙe tocilar dab da idon kyamarar. Na akuya yakan ba da ruwan ɗorawa zuwa kore, na kada kuwa ja-ja.

Kunne

Kunne ya fi ido saurin firgita mutum. Ƙara mai ƙarfi da ta zo ba zato tana sa ƙifta ido da ɗaga kafaɗa cikin ɗan ƙaramin kaso na daƙiƙa, ta hanyar jijiyoyin da ke gindin ƙwaƙwalwa, tun kafin mutum ya san me ya ji. Amma akwai sabo. In aka maimaita ƙarar sau uku ko huɗu, jiki yakan daina kula ta. A fim na minti 5, firgitarwa biyu sun isa.

Daniel Blumstein, masanin ɗabi'un dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, ya lura cewa kukan dabbar da ke cikin tashin hankali yakan dushe ya karkarye, domin ta matsa wa maƙogwaronta fiye da ƙima. A 2010 shi da abokan aikinsa suka bincika sautin fina-finai fiye da 100, suka tarar cewa na ban tsoro sun fi cika da irin wannan gurɓataccen sauti. Mai goge da ya danna izgarsa da ƙarfi zai ba ku irinsa kyauta, haka ma tsohon ƙyauren langa-langa.

Shiru ma sauti ne. Duk wanda ya taɓa bi ta fadamar Argungu da damina ya san kwaɗi sukan yi tsit idan wani abu ya matso kusa da su. Ku ɗauki kukan kwaɗi da waya, ku shimfiɗa shi a ƙarƙashin fitowa, sa'an nan ku yanke shi farat ɗaya. Ɗan kallo zai ji cewa akwai abin da ya iso, ko da bai ga komai ba. Sauran sautuka duk suna cikin gida: karan dawa in an karya shi ya yi ƙarar ƙashi, ƙwarya a kife kan ruwa in an buga ta ta yi bugun zuciya. Muryar 'yan wasa kuwa a ɗauke ta da waya ta biyu da aka ɓoye kusa da su, a kuma tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka don a sami inda za a daidaita sauti da hoto.

Jinin Zoɓo

Jinin gaske ja ne saboda hemogulobin, sinadarin da ke ɗauke da ƙarfe, yana kuma yin duhu idan ya rabu da iskar oksijin. Na fim kuwa a madafa ake yin sa. A dafa zoɓo da ruwa kaɗan ya yi kauri, a dama ɗan sitacin rogo a ciki don ya riƙa gangarowa a hankali, a ƙara ɗan garin koko na gwangwani don ya rage haske. Launin zoɓo daga sinadarin antosayanin yake, wanda ke sauyawa gwargwadon tsami. In an matsa lemun tsami sai ya ƙara ja, in an jefa ɗan kanwa sai ya yi duhu ya karkata zuwa shuɗi-kore. Ga jinin mutum, ga na dodo, daga tukunya guda, ga kuma darasin kimiyyar sinadarai a kan hanya. A tuna zoɓo yana rina tufafi, kada a sa kayan makaranta.

Misalin Labari da Rabon Lokaci

A ce an ba ku gorar masunta a matsayin kaya, jimlar kuwa ita ce, "Ni ban san tsoro ba." Wa da ƙane suna gadin shinkafa a bukka a gefen fadama. Sun zuba fura a gora sun ajiye a waje. Wan ya bugi ƙirji ya furta jimlar. Kwaɗi suka yi tsit. Wasu idanu biyu suka yi walƙiya suka ɓace. Can sai ga wani abu mai ƙaton kai mulmulalle yana tahowa yana gurnani. Wan ya haye bayan ƙanen yana salati. Ƙanen ya haska tocila, ashe akuya ce ta tura kai a gora tana neman fura. Suna cikin dariya, kwaɗi suka sake yin tsit, a cikin ruwa a bayansu wasu jajayen idanu biyu suka buɗe. Fim ya ƙare.

A lura ba a cusa kan akuya a komai ba. Ɗalibi ne ya lulluɓa da bargo ya ɗora gora a ka, aka ɗauke shi a duhu. Akuyar an ɗauke ta daban tana lasar fura kusa da fasasshiyar gora, ƙwaƙwalwar ɗan kallo ce za ta haɗa su. Jajayen idanun kuwa ɓallin ƙyallin bayan keke ne guda biyu a kan katako, cikin baho.

Daren Juma'a a gama rubutu, kada ya wuce shafi huɗu, wuri ɗaya, 'yan wasa uku. Safiyar Asabar a yi gwaji a ɗauki sautuka, da yamma a ɗauki hoto. Mai tacewa ya fara aiki tun daren Asabar, a kuma cika batura duk lokacin da aka sami wuta. Ranar Lahadi da azahar a nuna wa waɗanda ba su san labarin ba, a gyara inda ba su yi dariya ba, a miƙa fim da sauran lokaci a hannu.

Hattara

Kada kowa ya shiga gulbi da dare saboda fim. Masuntan da ke faɗawa Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, gwanaye ne, da rana suke shiga, kuma sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. A ruwan fadama da ke kwance, dodon da ya cancanci tsoro shi ne ɗan ƙaramin dodon koɗi mai ɗauke da tsutsar tsargiya. Kububuwa tana yawo da dare, don haka a sa takalmi rufaffe, kada kuma a kawo maciji ko kunama mai rai wurin ɗauka. Kada a firgita mutumin da bai san wasa ake yi ba, kuma a guji haske mai ƙyaftawa da sauri, domin yana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu. A nemi izinin iyaye da shugaban makaranta da mai unguwa, malami kuma ya kasance a wurin.

Akwai kuma haƙƙin da ke wuyan marubuci. Fim yana koya wa mutane abin da za su ji tsoro. In kun mai da tsohuwa mayya, ko mai taɓin hankali dodo, akwai mai irin wannan kama a unguwarku da zai kwana da sakamakon. Haka nan mujiya, wadda ake jifa saboda camfi, ita ce ke cinye ɓerayen da ke ɓarnar shinkafa. Ku sa a yi wa mai cika baki dariya, kamar yadda tatsuniya ta saba.

Aikin Gwaji Domin Malamai

Kafin a nuna fim, kowane ɗalibi ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ya ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15, ya ninka sau 4. Na mai hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti. A sake ƙirgawa dab da bayan firgitarwa, sa'an nan bayan minti 2, da kuma bayan minti 5. A zana sakamakon a allo. Washegari a sake nuna fim ɗin ga aji guda, a kwatanta, domin a ga aikin sabo. Makarantu biyu ko uku na Birnin Kebbi da Argungu suna iya shirya tasu gasar a ƙarshen mako guda, ƙungiyar kimiyya da ta wasan kwaikwayo su yi aiki tare, a sa wannan awo cikin abin da alƙalai za su duba.

Kammalawa

Mun ga cewa tsoro shiri ne da jiki ke yi kafin hankali ya gama bincike, dariya kuma takan zo idan binciken ya nuna babu komai, ta hau kan bugun zuciyar da tsoron ya bari. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai iya sarrafa zukatan jama'ar da suka cika zaure da waya biyu da tocila da tukunyar zoɓo. Wata fa'idar kuma ita ce, ran da ya ga walƙiyar idanu a bakin hanya da dare, gabansa zai faɗi kamar na kowa, domin haka aka halicce shi, amma zai tsaya ya haska tocila kafin ya tara wa unguwa jama'a. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.